Amaryar Da Ta Ƙetare Teku: Zaman Aure Bayan 'Yar Filifin Ta Bar Gida



Tun ranar da aka liƙa sanarwar wannan jawabi muke jin ana tambaya, wai me ya haɗa mu da auren mutanen Filifin, ƙasar da agogonta ke gaba da namu da sa'a 7? Tambayar tana kan hanya. To, da farko dai mutanen nan ba baƙinmu ba ne kamar yadda ake zato. Da yawa daga cikin iyayenmu da yayyenmu da suka yi makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai a jihohin Arewa cikin shekarun 1970 da farkon 1980, a hannun malaman Filifin suka koyi lissafi da kimiyya, ga kuma likitocinsu da injiniyoyinsu da suka yi aiki a ƙasar nan lokacin arzikin mai. Sa'an nan kuma, yawancin waɗanda ke zaune a zauren nan ko dai suna shirin aure ko kuwa ba su daɗe da yi ba, kuma neman ilmi da aikin gwamnati ba sa barin mutum ya tsufa a garin da aka yanke masa cibiya. Wata rana wani daga cikinmu zai ɗauki matarsa ya kai ta inda ba ta san kowa ba sai shi. Mutanen Filifin sun riga mu shiga wannan ruwa, sun kuwa san zurfinsa.

Filifin tsibirai ce fiye da 7,000, kuma ƙidayar 2020 ta sami mutum miliyan 109 a cikinta. Mutanen Sifen sun mulke ta fiye da shekara 300, suka bar mata ɗariƙar Katolika. Amurkawa suka karɓa daga 1898 zuwa 1946, suka bar mata Ingilishi a makarantu. A 1974 gwamnatin Shugaba Marcos ta kafa dokar ƙwadago wadda ta mai da tura ma'aikata ƙasashen waje sha'anin hukuma, kuma hanyar da ma'aikata suka share ita ce amare suka bi daga baya. A 1980 aka kafa hukuma ta musamman mai kula da 'yan ƙasa mazauna ƙetare. Wanda zai yi ƙaura a kan bizar aure tilas ya bi ta hannun wannan hukuma, a zaunar da shi a yi masa nasiha, a ba shi takardar shaida. Cikin shekara 30 daga 1989, fiye da mutum rabin miliyan ne suka bi ta wannan ƙofa, Amurka ce kan gaba a wuraren da suka nufa, sai Japan. Kusan tara cikin goma mata ne, shi ya sa za ku ji muna ta cewa "ta", ba don babu maza a ciki ba.

Akwai wani tabo da ke bin waɗannan mata, wanda ya kamata mu faɗa tun yanzu. A 1985 hukumar wani ƙaramin gari a lardin Yamagata na ƙasar Japan ta shiga tsakani aka samo wa manomanta mata daga Filifin, domin 'yan matan karkara sun gudu birni sun bar samarin da gonaki da tsofaffin iyaye. Wasu garuruwan suka kwaikwaya, dillalai kuma suka ga kasuwa, har ana buga hotunan 'yan mata cikin littafi kamar kayan kanti. Abin ya kai ga gwamnatin Shugaba Corazon Aquino ta haramta wannan dillanci a 1990, aka kuma sabunta dokar a 2016 domin ta haɗa da masu yi ta intanet. Amma fa da yawa daga cikin ma'auratan nan a wurin aiki suka haɗu, ko a makaranta, ko ta hannun 'yar'uwar da ta riga ta yi aure a can. Duk da haka, matar da ta yi shekara uku tana soyayya da mijinta kafin a ɗaura, sai ta isa garinsu ta tarar maƙwabta sun riga sun yanke hukuncin cewa sayo ta aka yi, ko kuwa kuɗi da biza ta biyo. Da wannan kallo za ta fara shiga kasuwa.

Mu dubi yadda muke kai amarya a nan gida. Ba a taɓa tura ta ita kaɗai. Gwaggonni da ƙawaye ke raka ta, a jera mata ɗaki da kayan da ta sani, a bar mata 'yar zaman ɗaki, a biyo ta da gara, bayan wani lokaci kuma a ba ta izinin zuwa ganin gida. Duk wannan kuwa ana yi ne ko da unguwa ɗaya ce tsakaninta da iyayenta. Kakanninmu sun gane cewa ƙaura ciwo ce, suka tanadar mata magani. To, ita wannan amarya da muke magana a kanta, daga jirgin sama za ta sauko da akwati biyu, ba gwaggo, ba ƙawa, ba 'yar zaman ɗaki.

Mu ƙaddara wata yarinya ce daga lardin Iloilo, malamar makaranta, ta auri wani ma'aikaci a wani ƙaramin gari na Ingila ko Kanada. Gidan da ta baro ba ya rabo da hayaniya. Kaka na nan, 'ya'yan 'yan'uwa na nan, maƙwabciya na leƙo kai ta taga, ga ɗan kanti a bakin ƙofa inda ake hira har dare, ga zakara na cara, ga rediyo. Ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba, mai yiwuwa ma ba ta taɓa kwana a ɗaki ita kaɗai ba. Yanzu mijin zai fita da ƙarfe bakwai na safe, ba zai dawo ba sai shida. Ba ta da lasin tuƙi, motar haya ba ta biyowa ta layinsu, maƙwabta ba sa shiga gidan juna sai da alkawari, in hunturu ne kuwa ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi. Shi mijin yana ganin ya raba ta da cunkoso da zafi ya kawo ta inda za ta huta. Ita kuwa shirun gidan kamar na maƙabarta take jin sa. Ba za ta faɗa masa ba, domin tana jin kunyar a ce ba ta da godiya. Ba za ta faɗa wa uwarta ba, domin a can gida kowa ya ɗauka ta shiga aljannar duniya. Sai ta tsaya cikin dusar ƙanƙara ta ɗauki hoto tana murmushi ta aika.

Ko abinci ma ya isa a yi rigima a kansa. Mutumin Filifin bai ƙoshi ba in bai ci shinkafa ba, sau uku a yini in da hali. Suna da busasshen kifi mai gishiri da suke kira *tuyo*, wanda in aka soya shi a gidan da aka rufe tagoginsa saboda sanyi, warinsa zai kwana cikin labule. Duk wanda ya taɓa dafa miyar daddawa a ɗakin kwanan ɗalibai a ƙasar Turai ya san abin da muke nufi. Mijin da ya toshe hanci ya yi tsaki, a ganinsa kifi ya kushe. Bai san ƙamshin ɗakin uwarta ya yi wa tsaki ba.

Daga nan sai abin da suke kira *tampo*. In an ɓata wa mutumin Filifin rai, musamman in wanda yake ƙauna ne ya ɓata, ba al'adarsa ba ce ya tsaya ya zayyana laifin. Sai ya ja jiki, ya rage magana, ya bar fara'a, yana jiran a lura a lallashe shi. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaji ne, sai dai yaji ne na wadda gidan ubanta ke bayan teku, saboda haka a cikin ɗakinta take yin sa, kuma biko take jira. Amma Baturen da aka rena a kan cewa in akwai magana a faɗe ta a fili, sai ya tambaya sau ɗaya, "Me ya faru?" ta ce "Ba kome," ya ɗauka ba komen ne, ya koma kan jaridarsa. Wani ma sai ya ce bari ya ƙyale ta ta huce, alhali ƙyalewar ita ce laifi na biyu, wanda ya fi na farkon zafi.

Yanzu mun zo kan maganar da ta fi kowace kashe irin wannan aure, watau kuɗin da ake aikawa gida. A 2023 'yan Filifin mazauna ƙetare, ma'aikata da masu ƙaura gaba ɗaya, sun aika da abin da ya kai dala miliyan dubu 37, fiye da kashi 8 cikin 100 na dukkan abin da ƙasar ta samar a shekarar. Ƙasar da ke rayuwa a kan haka, babu yadda za a yi 'yarta ta fita waje a ce ba a sa mata ido ba. Suna da wata kalma, *utang na loob*, wadda ma'anarta ita ce bashin zuci, bashin alherin da ba a rubuta shi a takarda, ba a kuma gama biyansa. Iyayen da suka jinginar da gona domin ta yi karatu, yayar da ta bar makaranta domin ita ta ci gaba, duk suna bin ta irin wannan bashi. In kuwa ita ce 'yar fari, nauyin karatun ƙannenta a wuyanta yake. Ba al'ada kaɗai ba ce ma, gama tsarin mulkinsu na 1987 ya ɗora wa iyali alhakin kula da tsofaffinsa, dokar iyali kuma ta wajabta wa iyaye da 'ya'ya da 'yan'uwa su ɗauki nauyin juna in buƙata ta kama.

Shi kuma mijin ya taso a inda iyaye ke da fansho, asibiti ke hannun gwamnati ko kamfanin inshora, ɗa kuma in ya kai shekara 18 ake sa ran ya tsaya da ƙafarsa. A lissafinsa iyali shi ne shi da ita da 'ya'yan da za su haifa. Wata na fari zai aika da murna. Wata na shida zai fara tambaya, shin yaushe za a gama? Ga kuɗin makarantar ƙane, ga maganin uwa, ga bikin waliyyin gari, ga rufin ɗaki da iska ta yaye. Maganar iskar nan kuwa ba ƙarya ba ce, domin guguwar teku kusan 20 ke shiga yankin ƙasar kowace shekara, kuma wadda ta faɗa wa birnin Tacloban da kewayensa a watan Nuwamba na 2013 ta kashe fiye da mutum 6,000. Ban da kuɗi, ga babban kwalin nan da suke kira akwatin *balikbayan*, wanda ake wata da watanni ana cika shi da sabulu da man goge baki da abincin gwangwani da takalma, a aika ta jirgin ruwa domin ya isa kafin Kirsimeti. Mijin na kallon kwalin yana lissafin cewa da kuɗin aka aika da ya fi araha. Gaskiyarsa a lissafi. Amma kwalin shi ne zumuncin da ƙafa ta kasa kaiwa.

A nan ba za mu ɓoye ra'ayinmu ba. Mijin da ya ce a daina aike ɗungum, ya nemi matarsa ta zama 'yar da ba ta da albarka a idon garinsu, kuma ba za ta yafe masa ba ko da ta yi shiru. Abin da zai biyo baya shi ne aike a ɓoye, ƙarya kuma ta shigo gida. Amma kuma dangin ba duka ne waliyyai ba. Akwai ƙanen da zai ajiye neman aiki tun da yaya ta auri Bature, akwai ciwon da ba ya tashi sai ƙarshen wata. Wanda ya taɓa karɓar albashin fari a cikinmu, ya ga yadda dangin da bai taɓa sani ba suka ɓullo, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ma'auratan da suka zauna lafiya su ne waɗanda suka yanka wani abu sananne kowane wata, suka ware wani na larura, aka kuma bar ita matar ta riƙa cewa "a'a" da bakinta, cikin harshenta, ta hanyar da ba za ta ci mutuncin kowa ba. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai tana da abin hannunta. Matar da sai ta roƙi miji kafin ta sayi maganin uwarta, kowane wata sai an ƙasƙantar da ita sau ɗaya.

Samun abin hannun ma ba sauƙi gare shi ba. Ta iya Ingilishi, tana da digiri, amma hukumar can ba ta yarda da takardarta ba sai ta sake jarrabawa. Sai ka ga malamar da ɗalibai ke miƙewa in ta shigo aji tana gyaran gado a otal, ko tana wanke tsofaffi a gidan kula da su. A Japan da Koriya ta Kudu ma Ingilishin ba ya fisshe ta, sai ta koma koyon baƙaƙe kamar 'yar aji ɗaya, sau da yawa kuma a gida ɗaya da uwar miji wadda ke da nata ra'ayin a kan yadda ake dafa shinkafa.

Akwai kuma abin da masoya ba sa son a ambata, watau takarda. A Amurka, wadda ta shiga da bizar alkawarin aure kwana 90 gare ta a ɗaura, kuma bisa ga dokar 1986 izinin zaman da za a fara ba ta na sharaɗi ne har shekara biyu. A Ingila, daga 2012 aka mai da wa'adin jiran izinin zama na dindindin shekara biyar maimakon biyu. Ma'anar wannan ita ce, a cikin shekarun da aure ya fi rauni, zaman ɗaya a ƙasar yana rataye ne a hannun ɗayan. Mutumin kirki ba zai taɓa tunawa da wannan iko ba. Amma ya isa a ce ya furta sau ɗaya cikin fushi, "Sai in mai da ke inda na ɗauko ki," daga ranar ta daina zama da shi a matsayin mata, ta koma mai neman mafaka. Wani lokaci abin ya wuce baki. A watan Maris na 1995, a cikin ginin kotu a birnin Seattle, wani mutum ya harbe matarsa 'yar Filifin tana da tsohon ciki, tare da ƙawayenta biyu da suka rako ta shari'ar rabuwarsu. Amurka ta yi doka tun 1994 wadda ta ba matar da ake duka damar neman izinin zama da kanta ba tare da sa hannun miji ba, daga baya kuma aka wajabta wa dillalan aure su bayyana wa mace tarihin laifuffukan mai nemanta.

In auren ya mutu, wata wahalar ke jiranta a gida. In ban da fadar Paparoma, Filifin ce kaɗai ƙasar da babu dokar saki ta gama-gari a cikinta. Musulmin ƙasar, waɗanda yawancinsu ke tsibiran kudu, suna da tasu dokar tun 1977 wadda ta yarda da saki. Sauran jama'a kuwa sai dai su nemi kotu ta ce tun asali auren bai ɗauru ba, shari'ar da ke cin kuɗi da shekaru. Majalisar wakilai ta amince da daftarin dokar saki a watan Mayu na 2024, amma majalisar dattijai ba ta zartar da shi ba har wa'adinta ya ƙare a 2025. Wadda ta auri baƙo tana da 'yar ƙofa, domin dokar iyali ta yarda da sakin da baƙon miji ya samo a ƙasarsa, kuma a 2018, cikin shari'ar wata mata da ta auri mutumin Japan, Kotun Ƙoli ta ce ko ita matar ce ta nemi sakin ya halatta. Amma sai ta kai takardun gaban kotun Filifin an tabbatar, in ba haka ba tana nan bazawara a Tokyo, matar aure a Manila. Shi ma mijin yana da nasa abin lura: tsarin mulkin ƙasar bai yarda baƙo ya sayi fili ba, saboda haka filin gidan da ya tara kuɗin fanshonsa aka gina a garin matarsa, da sunanta yake.

Duk wanda ya saurari nasihar da ake yi wa irin waɗannan amare zai lura cewa ita ake ce wa ta saba: ta saba da sanyi, ta saba da abinci, ta saba da dangin miji. Mu a ganinmu an karkatar da kayan gefe guda. Ita ta riga ta biya rabonta ranar da ta hau jirgi. Wanda ke zaune a garinsu, cikin harshensa, kusa da uwarsa da abokansa na ƙuruciya, shi ya rage wa aiki, kuma aikin ba na a zo a gani ba ne. Ya koya mata tuƙi tun watan fari. Ya buɗe mata asusun banki da sunanta, ya bar fasfonta a hannunta. Ya koyi yadda ake gaida tsohuwa a al'adarsu, a kama hannunta a ɗora a goshi. Ya tashi cikin sanyin Disamba ya kai ta addu'o'in kwana tara da suke yi daga ranar 16 ga wata har jajiberin Kirsimeti, ko da shi ba mai zuwa coci ba ne, domin a bakin ƙofar cocin za ta sami waɗanda za su zama mata gwaggo da ƙawa. Ya kuma bar ta ta yi wa 'ya'yanta magana da harshen Tagalog ko Sebuwano ko wanda ta sha a nono, domin 'ya'yan da ba su iya gaida kakarsu ba sun yi asarar rabin danginsu.

Wasu gwamnatoci sun gane cewa abin ya fi ƙarfin miji shi kaɗai. Koriya ta Kudu ta yi doka a 2008 wadda a ƙarƙashinta aka buɗe cibiyoyin koyar da harshe da ba da shawara ga iyalan da aka yi auratayya da baƙi. A ƙasar ce kuma Jasmine Lee, 'yar Filifin da ta auri wani ma'aikacin jirgin ruwa, ta zama 'yar majalisar dokoki a 2012, mutum na farko ba ɗan asalin Koriya ba da ya sami wannan kujera bayan ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Mijinta ya rasu a 2010 wurin ceton 'yarsu daga ruwa. Ko da ta hau kujerar, sai da aka yi ta zaginta a intanet ana cewa ta koma garinsu, bayan ta yi kusan shekara 17 a ƙasar ta haifa mata 'ya'ya biyu.

Kafin mu zauna, ga wani abu daga dokar ƙasarmu wanda ya shafi irin waɗannan ma'aurata in a nan suka zaɓi zama. Sashe na 26 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba matar da ta auri ɗan Nijeriya damar a yi mata rajistar zama 'yar ƙasa, amma bai ba mijin da ya auri 'yar Nijeriya irin wannan dama ba, kuma da aka kawo shawarar gyara wannan sashe a watan Maris na 2022 majalisa ba ta amince ba. Watau 'yar Filifin da ta biyo mijinta Kano tana da hanya, amma ɗan Filifin da ya biyo matarsa Kaduna sai ya bi doguwar hanyar da kowane baƙo ke bi, wadda ke bukatar zaman shekara 15. Ɗalibanmu na sashen shari'a suna nan a layin gaba, mun ga suna rubutu, muna sa ran su za su fara ɗaga hannu.

Shugaban taro, a nan za mu dakata, mu ba da fili ga masu tambaya.